Darasi na 9: Sheƙar Shirwa da Yadda Take Renon 'Ya'yanta

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. gane shirwa a cikin sauran tsuntsaye masu farauta;
2. bayyana abin da ke gudana a sheƙarta tun daga ɗaukar ƙirare har 'ya'ya su tashi;
3. lura da sheƙa ba tare da ya tayar wa masu ita hankali ba, ya kuma rubuta abin da ya gani;
4. amfani da wannan sani wajen tsare 'yan tsakinsa.

Gabatarwa

Duk mai kiwon kaji a Keffi ya san shirwa. Ana zaune a tsakar gida sai a ji kaza ta ƙwalla ƙara, 'yan tsaki su watse, kafin a ce "kai!" ta fyauce ɗaya ta yi sama. Mahauta ma sun san ta, domin ba ta rabuwa da shawagi a saman mayanka. Sunanta ya riga ya ɓaci, kowa ɓarauniya yake ce mata. Amma a cikin masu jifanta da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa ya ga inda take kai abin da ta sura.

Satar shirwa tana da lokaci, tana kuma da dalili. Watannin da ta fi takura wa gidaje sun zo daidai da watannin da take da bakuna a sheƙa suna jiran abinci, ga kuma daji ya bushe, ba ciyawar da ɗan tsako zai ɓuya a ciki. Wanda ya san kalandar sheƙarta zai san lokacin da ya kamata ya kifa kwando a kan 'yan tsakinsa.

1. Yadda ake gane ta

Shirwa tsuntsuwa ce mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Tsawonta daga baki zuwa bindi wajen santimita 55 ne, in kuma ta buɗe fukafukai faɗinsu kan kusa mita ɗaya da rabi, amma nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Wannan rashin nauyin shi ke ba ta damar daɗewa a sama ba tare da ta kaɗa fiffike sosai ba.

Babbar alamarta bindi ne. Tsakiyarsa a shige yake, gefunansa biyu sun fi tsawo, kuma a kullum tana murɗa shi dama da hagu don ta juya. Shaho ba shi da irin wannan bindi, ungulu kuwa ta fi ta girma da faɗin fiffike, bindinta gajere.

Sai a dubi baki. Shirwar ƙasarmu in ta balaga bakinta rawaya ne gaba ɗaya, ƙananan da ba su kai ba nasu baƙi ne. Akwai wata 'yar'uwarta mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, ita baƙuwa ce, ba ta yin sheƙa a nan.

Namiji da mace kamarsu ɗaya, sai dai macen ta ɗan fi girma. A bakin sheƙa aikin da kowa ke yi shi ke nuna wane ne wane.

2. Zuwa da gini

Shirwa mai bin yanayi ce. In damina ta kankama, da yawa daga cikinsu kan yi arewa, su nufi ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi, inda fara da shinge ke yawaita. In ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sai su komo. A yankinmu na tsakiyar Nijeriya da rani suke yin sheƙa, wato akasin shamuwa wadda ke gina tata a garuruwan arewa da faɗuwar damina.

Alamar farko kuka ne, wani siririn fito mai karkarwa, tare da wasan sama: a ga biyu suna bin juna, suna sulmiyowa, wani lokaci har su haɗa farata. Bayan haka sai a fara ganin ɗaya ɗauke da ƙirare. Doguwar bishiya mai ganye suke nema, irin su maɗaci da rimi da ɗorawa da tsohon mangwaro, su ɗora ginin a mahaɗar manyan rassa, can sama inda hannu ba ya kai. Bakin kogin Antau da gonakin da ke kewaye da gari wurare ne da ya kamata a fara dubawa. Sau da yawa ba sabuwa suke ginawa ba, ta bara suke gyarawa su ƙara mata ƙirare.

Shimfiɗar ciki ita ce abin mamaki. Shirwa kan kwaso tsummoki da takarda da leda da gashi da busasshen kashin shanu ta jera. An daɗe ana ɗauka tarkace kawai take tarawa, har sai da masu bincike a gandun Doñana da ke kudancin Sifaniya suka bi sheƙuna masu yawa na shirwar Turai, suka wallafa sakamakonsu a 2011. Sun gano cewa ƙarfafa, waɗanda ke ganiyar shekarunsu, su ne ke cika sheƙa da farar leda, ƙanana da tsofaffi kuwa ba su cika sa ta ba. Ledar sanarwa ce ga sauran shirwa cewa mai wurin nan ba a taɓa shi a kwana lafiya. Don haka in kun hangi farin abu yana reto a bakin sheƙa, ku rubuta shi, yana da ma'ana.

3. Ƙwai da kwanci

Macen kan saka ƙwai 2 ko 3, farare masu ɗigon ja-ja, girmansu kusan na kaza. Ba rana ɗaya take saka su ba, akan sami tazarar kwana 2 ko 3 a tsakani, kuma ba ta jira su cika kafin ta fara kwanci. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen abin da za mu gani a gaba.

Kwanci kan ɗauki kimanin mako 5. Macen ce ke yin mafi yawansa, namijin na kawo mata abinci, wani lokaci ya karɓe ta na ɗan lokaci ta miƙe fukafukai. Daga ƙasa abin da ake hange kai ne kawai da ƙarshen bindi. Lokaci-lokaci takan miƙe, ta sa baki ta juya ƙwan, ta gyara zama.

Wannan shi ne lokaci mafi hatsari. In aka firgita ta ta tashi, zafin rana na iya lalata ƙwan, hankaka kuma dama jira yake.

4. Reno, mako bayan mako

*Mako na 1 da na 2.* 'Ya'yan kan fito da lallausan gashi fari-fari, ba sa iya tsayuwa, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Uwar ba ta nisa. Da sanyin asuba ta rufe su, da rana ta tsaya ta ɗan buɗe fukafukai ta yi musu inuwa. Farauta duk tana wuyan namijin. Ba za ku ga 'ya'yan daga ƙasa ba tukuna, amma za ku san an ƙyanƙyashe in kun ga uwar ta take nama da ƙafa, tana tsagar ƙanana, tana sunkuyar da kai cikin sheƙa.

Tun da ba rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su ba, na fari kan fi autan girma nesa ba kusa ba. In abinci ya zo shi ke fara ci, ya tsattsagi ƙanensa ya ture shi gefe. Shekarar da abinci ya wadata kowa kan samu. Shekarar da ya yi ƙaranci, sau da yawa autan ba ya kai labari. Abin da ban tausayi, amma ta haka ake tsira da ɗaya ko biyu masu ƙarfi maimakon a rasa duka. Mai lura ba ya sa hannu, nasa ya gani ya rubuta.

*Mako na 3 da na 4.* Gashi mai duhu ya fara tsirowa, sun fara tsayawa da ƙafafunsu, ana hango kawunansu a bakin sheƙa. Cinsu ya ƙaru ƙwarai, har uwar ma ta fara fita nema. A nan ne zirga-zirga ke yawaita, a nan ne kuma mai kaji ke ji a jikinsa.

*Mako na 5 da na 6.* Sun fara tsagar nama da kansu. Iyaye kan ajiye abinci su juya. Za ku ga ɗan ya baza fukafukai ya rufe rabonsa don kada ɗan'uwansa ya ƙwace. Suna yawan kaɗa fukafukai suna tsalle a wuri ɗaya, musamman in iska ta taso.

*Mako na 6 zuwa na 7.* Sukan fito su zauna a rassan da ke kusa, daga nan sai tashin farko, wanda ba ya wuce daga wannan bishiya zuwa waccan. Tashi ba yaye ba ne. Sukan ƙara wasu makonni suna komawa sheƙa, suna bin iyaye da kuka, kafin su iya ciyar da kansu.

Me ake kawo musu? Ɓera, ƙadangare, kwaɗo, fara, kifi, guntayen kayan ciki daga mayanka, mushen da mota ta take a hanyar Akwanga ko ta Abuja, da kuma ɗan tsako in an samu. In an sa wa daji wuta za ku ga shirwa ta taru a gaban hayaƙi tana cafke ƙwari da ƙananan dabbobin da ke gudu. Wanda ya zauna ya ƙirga zai ga da idonsa nawa ne daga gidan mutane, nawa ne daga juji da gona.

5. Baƙon da ke reno a Turai ya sha iska a nan

Akwai wani tsuntsu mai farauta da ya kamata mu sani, domin an koyi dabarun lura da sheƙa da yawa a kansa. Turawan Ingila na ce masa osfire, a wannan darasi za mu kira shi shaho masunci. Bayansa baƙi-baƙi ne, cikinsa fari, da baƙin zane da ya ratsa idonsa. Kusan ba ya cin komai sai kifi. Yakan tsaya cak a sama, ya faɗo ruwa ƙafafu a gaba. Tafin ƙafarsa na da kaushi don kada kifi ya suɓuce, yatsansa na gefe na juyawa baya, in kuma zai tashi da kifi sai ya daidaita kan kifin ya dubi gaba.

Ba ya sheƙa a Nijeriya. Yana zuwa ne daga Turai bayan damina, ya zauna a bakin manyan ruwaye irin su tafkin Kainji da fadamun Haɗeja da Nguru da kogin Binuwai, ya koma wajen Maris ko Afrilu. Wanda ya je Loko a bakin Binuwai da rani yana iya dacewa da shi. Renonsa ya yi kama da na shirwa: ƙwai 2 ko 3, namiji na kamo kifi, mace na rabawa, 'ya'ya su tashi a mako na 7 zuwa na 8. Bambancin a ƙarshe yake. Uwar kan riga kowa kama hanyar Afirka, uban ya ci gaba da ciyarwa, sa'an nan kowane ɗa ya taso shi kaɗai, ba jagora. Daga Sikotilan zuwa Senegal kusan kilomita 5,000 ne.

A Sikotilan harbi da satar ƙwai sun sa an daina ganin sheƙarsa tun wajen 1916. A 1954 wasu biyu suka dawo suka yi gini kusa da tafkin Loch Garten. Ɓarayin ƙwai suka sake kunno kai, sai ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta sa masu gadi dare da rana. A 1959 ta buɗe wurin ga jama'a su kalla daga nesa, mutum wajen 14,000 suka je a shekarar. Yau sheƙunansa a ƙasar sun haura 200. A Amurka kuwa maganin ƙwari mai suna DDT ne ya kusa gamawa da shi: maganin ya shiga ruwa, ya shiga kifi, ya taru a jikin tsuntsun, ɓawon ƙwai ya zama siriri yana fashewa a ƙarƙashin uwa. Da aka hana amfani da shi a 1972 sai suka farfaɗo.

Mu ma muna da namu gargaɗin. Dattawa za su shaida yadda ungulu ke cika mayanka a da. Guba da farautar sassan jikinta sun rage ta, har a 2015 hukumar IUCN ta sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Yawa ba ya hana ƙarewa.

6. Ƙa'idojin lura da sheƙa

1. A nemi izinin mai gona ko mai gida. "Baba, don Allah in ba damuwa, ina so in riƙa zama a gindin ɗorawar can ina kallon tsuntsaye, aikin makaranta ne." Wannan kaɗai kan sa ya zama mai gadin sheƙar.
2. A tsaya nesa, taku 70 ko fiye. In uwar ta tashi tana kuka tana kewaya kanku, kun matso da yawa, ku ja baya. Mai 'ya'ya na iya kawo wa mutum sura a ka.
3. Ba a hawa bishiyar, ba a taɓa ƙwai, ba a ɗauko ɗa.
4. A zauna wuri ɗaya a kullum, rana a bayanku, da tufafi marasa ƙyalli. Minti 30 da safe ko da la'asar ya isa.
5. Kada a tara yara ana nuna sheƙa da yatsa. Wanda aka gani da danƙo a yi masa magana da lalama, in ya yarda a ba shi aikin ƙirga.
6. In kun tsinci ɗa mai cikakken gashi a ƙasa, ku ɗora shi a reshe ku bar wurin, iyayensa na kusa.

Ba lallai sai da tabarau mai hangen nesa ba. Ido da agogon waya da littafi da biro sun wadatar. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma gani ma in ba a rubuta ba mantuwa kan cinye shi. Babbar ƙa'ida ita ce a raba abin da aka gani da abin da ake zato. Ga misalin yadda ake tsarawa:

Rana: Asabar, 15 ga Fabrairu
Wuri: maɗaci, bayan gona
Lokaci: 7:00 zuwa 7:30 na safe
Yanayi: hazo, iska kaɗan
Abin da na gani: 7:05, ɗaya na zaune a sheƙa. 7:12, ɗayan ya kawo ƙadangare ya ajiye ya tafi. 7:14, ta zaunen tana tsaga tana sunkuyawa.
Abin da nake zato: an ƙyanƙyashe.

Irin wannan rubutu ba wasa ba ne. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma da bayanan 'yan sa kai take tafiyar da shi, mutanen da ke rubuta abin da suka gani a unguwanninsu.

7. Amfanin wannan sani ga mai kiwo

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, domin ƙaramin tsako shirwa ke iya ɗauka, ba ta da ƙarfin faratan da za ta yi sama da babbar kaza. Ke nan makonnin farko ne abin tsaro.

A tsare 'yan tsaki a akurki ko ƙarƙashin babban kwando har su kai mako 6, ana ba su tsaki da ruwa a ciki. In za a sake su, a sake su inda akwai rumfa ko tarin kara da za su shige. Kada a watsa musu abinci a fili tsakiyar gida, kuma a binne kayan cikin da aka zubar bayan yanka, don su ke jawo shirwa. Wasu masu kiwo kan shafa wa 'yan tsaki launi don su rikita ta, amma rufi ya fi tabbas.

Kada a sa guba a nama don a kashe ta: kare da kyanwa da ungulu na iya riga ta ci, yaro ma na iya ɗauka. Ɓeran da shinkafar ɓera ta kashe a binne shi, domin in shirwa ta kai shi sheƙa gubar za ta bi 'ya'yanta. A tuna kuma cewa annobar kaji da ke zuwa da hunturu kan share akurki guda cikin 'yan kwanaki, ɓarnar da shirwa ba ta taɓa yi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na haɗa rigakafinta, sai a tuntuɓi malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi 2 da ake gane shirwa da su tana sama.
2. Me ya sa ɗan fari ke fin auta girma a sheƙa?
3. Ta yaya za a san an ƙyanƙyashe ba tare da an hau bishiya ba?
4. Me masu bincike na Doñana suka gano game da farar leda?
5. Ta wace hanya DDT ya kai ga ƙwan shaho masunci? Wace guba ce a gidajenmu ke iya bin irin wannan hanya?
6. Lissafi: shirwa ta fara kwanci ranar 1 ga Janairu. In kwanci ya ɗauki mako 5, reno mako 7, a wane wata 'ya'yan za su tashi? A waɗanne makonni mai kaji zai fi sa ido?

Aiki

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum 3 ko 4. Kowane rukuni ya nemi sheƙa ɗaya, ta shirwa ko ta wani tsuntsu in ba a samu ba, ya ziyarce ta sau 2 a mako har wata guda, yana bin ƙa'idojin sashe na 6. Ku ƙirga sau nawa aka kawo abinci da irin abin da aka kawo. Ku kuma tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku waɗanne tsuntsaye ne suka saba gani a da waɗanda yanzu suka yi wuya. A ƙarshen wata kowane rukuni zai karanta wa aji littafinsa, a haɗa alƙaluman a allo, a ga ko ɗan tsako ne ya fi yawa a abincin shirwar Keffi ko kuwa wani abu dabam.